Wasiyyar Musulmi Tsakanin Kotu Biyu: Sharhi a kan Hukuncin Adesubokan da Yinusa

Abin da muke so mu duba a cikin wannan takarda shi ne wani hukunci da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a shekarar 1971, a shari'ar da masana doka suka sani da sunan Adesubokan da Yinusa. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan da yanke shi, kuma wasu jihohi sun riga sun yi dokokin da suka rage masa ƙarfi, saboda haka mai sauraro yana iya tambaya, ina amfanin tono shi yanzu? Amsarmu ita ce har yau ba a gama warware matsalar da aka ɗora wa alƙalan wancan lokaci ba, watau idan Musulmi ya rasu ya bar dukiya da takardar wasiyya, wace doka ce za ta bi da dukiyar nan tun daga ranar rasuwa har ta isa hannun masu ita, kuma a gaban wace kotu. Ra'ayinmu, wanda za mu yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne alƙalin farko da ya saurari ƙarar, Mai Shari'a Mohammed Bello, ya fi waɗanda suka soke hukuncinsa kusa da daidai, har ma ya fi masu tsara dokokin da suka zo gyara daga baya.

Kafin mu shiga shari'ar kanta, ya kamata mu tuna wa juna hanyoyi biyu da ake bi wajen sallamar dukiyar mamaci a ƙasar nan, domin a cikin bambancinsu rigimar take.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na Arewa ke hukunci da ita, tsarin a bayyane yake, kuma duk wanda ya kai babin gado a Muhtasar na Shaihu Halil ya san shi. Ana fara fid da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu na musamman cikin dukiyar, kamar kayan da aka ba da jingina. Sa'an nan a cire kuɗin likkafani da jana'iza gwargwadon al'ada, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya daga sulusin abin da ya rage, watau kashi ɗaya cikin uku. Sauran kuwa na magada ne, bisa ga rabon da aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i suka yanka. Wasiyya tana da iyaka biyu: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado. In ta ƙetare ɗaya daga cikin iyakokin nan, to, sai abin da magada suka ce. In sun yarda, malamanmu suna ɗaukar abin a matsayin kyauta ce daga gare su, ba daga mamacin ba. Alal misali, a ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ba uwa ba uba, kuma bayan an biya bashi abin da ya rage Naira 2,400,000 ne. In ya yi wasiyya da sulusi ga wata makaranta, za a ba ta 800,000. Daga 1,600,000 da suka saura matar za ta ɗauki sumuni, watau 200,000, kowane ɗa namiji 560,000, 'yar kuwa 280,000. Mamacin ba shi da ta cewa a kan wannan lissafi na biyu, ko yana son ɗansa ko yana fushi da shi.

Hanya ta biyu ita ce wadda muka gada daga Ingila. A nan, idan mutum ya mutu, dukiyarsa ba ta faɗawa hannun magada kai tsaye. Tana tsayawa tukuna a hannun wani wakili, ko dai wasiyyin da mamacin ya ambata a cikin wasiyyarsa, ko kuwa wanda kotu ta naɗa in babu wasiyya. Wasiyyi zai kai takardar ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotu, a buɗe ta, a karanta, a bincika ko an cika sharuɗɗan rubuta ta, a ba masu ƙorafi dama su kawo, a ƙiyasta dukiyar, a biya gwamnati kasonta, sa'an nan a ba shi takardar tabbatar da wasiyya mai hatimin kotu. In babu wasiyya, takardar izinin kula da dukiya ake bayarwa, bayan an kawo masu tsayawa. Da wannan takarda wakilin zai tattara dukiya, ya biya bashi, ya miƙa wa kowa abin da aka ce a ba shi. Riƙon da yake yi wa dukiyar a tsakanin nan riƙon amana ne, kuma ana iya kai shi ƙara in ya ci ko ya yi sakaci. Idan akwai yara ƙanana, ko kuma mamacin ya ce a riƙe wani abu a riƙa ba wani ribarsa, amanar tana iya ɗaukar shekaru masu yawa a hannun amintattu. Dokar da ta tsara rubuta wasiyya a wannan hanya ita ce Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837. Sashe na 9 ya ce dole ta zama a rubuce, da sa hannun mai ita a gaban shaidu biyu waɗanda suke tare a wuri ɗaya. Sashe na 3 kuwa, wanda shi ne tushen fitinar, ya halatta wa kowane mutum ya yi wasiyya da dukkan abin da ya mallaka a lokacin mutuwarsa.

Yadda dokar Ingila ta 1837 ta zama doka a Zariya ba ɓoyayyen abu ba ne. Dokar Babbar Kotu ta Jihar Arewa, a sashe na 28, ta karɓi dokokin Ingila na gama-gari waɗanda ke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900. Amma ita wannan doka, a sashe na 34, ta umarci kotu ta yi aiki da dokokin gargajiya da al'adun mutanen ƙasa, muddin ba su saɓa wa adalci da sanin ya kamata ba, kuma ba su ci karo da wata doka da ke aiki a lokacin ba. Sashe na 2 kuma ya ce Shari'ar Musulunci tana cikin abin da ake nufi da dokokin gargajiya. A riƙe wannan sashe na 2 da kyau, za mu komo kansa.

Abin da ya faru a shari'ar ba shi da tsawo. Wani Musulmi Bayarabe ya rubuta wasiyya bisa tsarin dokar 1837, ya raba dukiyarsa tsakanin 'ya'yansa yadda ya ga dama, ya fifita wasu, ya bar wa ɗaya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasiyyi ya sami takardar tabbatarwa. Ɗan da aka tauye ya shigar da ƙara a Babbar Kotu a Zariya, yana neman a soke takardar, a raba gadon bisa mazhabar Malikiyya tun da mahaifinsa Musulmi ne. A 1968 Mai Shari'a Bello, Bakatsine, wanda daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ya yanke cewa Musulmi yana da ikon ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar 1837, amma ba shi da ikon ya yi amfani da ita ya hana wani magaji rabon da Shari'a ta yanka masa. Wasiyyi ya ɗaukaka ƙara. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci. Hujjarta ita ce, sashe na 3 ya ba kowa iko a kan dukkan dukiyarsa, ƙa'idar Malikiyya ta taƙaita wannan iko, saboda haka sun ci karo. Kuma tun da Shari'a dokar gargajiya ce a idon sashe na 2, ita ce za ta ja baya bisa ga sashe na 34.

Ba za mu ce wannan hujja ta banza ce ba. Alƙalan Kotun Ƙoli sun karanta abin da ke rubuce a gabansu, kuma duk wanda ya yi zama da lauyoyi ya san cewa haƙƙin da rubutacciyar doka ta bayar ba a cika yarda wata ƙa'ida da ke ƙasa da ita ta rage shi ba. Amma muna ganin rauni a wurare uku, kuma na farkon ya fi nauyi.

Sashe na 3 izini ya bayar, bai yi umarni ba. Bai ce wa kowa lalle ka yi wasiyya da dukkan dukiyarka ba. Musulmin da ya rubuta wasiyyarsa a takarda, ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ya tsaya a kan sulusi, ya bi dokar 1837 sarai, kuma ya bi Malikiyya sarai. To, ina karon yake? In an ce karo shi ne duk inda dokar Ingila ta faɗi abu ɗaya dokar gargajiya ta faɗi wani, to, sai mu ce sashe na 34 ya zama fanko, domin babu wani fanni na zaman iyali da Ingilishi ba su da tasu ƙa'ida a kansa. Suna da dokar rabon gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba tun 1670, kuma tana aiki a can a 1900, amma babu kotun da ta taɓa cewa don haka a daina raba gadon Bakano bisa Shari'a, ko na Ibo bisa al'adarsu. Abin da ya sa aka yi sashe na 34 tun farko shi ne don a kare dokokin mutanen ƙasa daga ambaliyar dokokin da aka shigo da su. Fassarar da za ta mai da dokar da aka shigo da ita ma'aunin da za a auna su da shi ta juya manufar sashen a baibai. Daɗin daɗawa, karɓar dokokin Ingila ba a yi shi babu sharaɗi ba: an ce a yi aiki da su gwargwadon yadda halin ƙasa ya bari. Da wuya a sami halin ƙasa da ya fi wannan fitowa fili, watau jama'a miliyoyi waɗanda suka ɗauki rabon gado wani ɓangare na addininsu.

Rauni na biyu ya shafi ma'anar mallaka. Dokar 1837 ta ce mutum ya yi wasiyya da abin da yake nasa. A fahimtar malaman fiƙihu kuwa, haƙƙin magada yana rataya a kan kashi biyu cikin uku na dukiya tun mai ita yana kwance cikin ciwon ajali, shi ya sa ko kyauta ya yi a wannan hali ba ta wuce sulusi. Da zarar rai ya fita, rabon kowa ya tabbata a kansa, ko an raba ko ba a raba ba. Magajin da ya rasu bayan kwana ɗaya, rabonsa zai gangara ga nasa magadan. Ke nan tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, mene ne wannan mutum yake da ikon bayarwa bayan ransa bisa dokar da ya rayu a kanta? Sai an amsa wannan sa'an nan a zo ga yadda zai bayar. Mai Shari'a Bello ya raba tambayoyin nan biyu, ya bar wa dokar 1837 siga da shaidu da tabbatarwa, ya bar wa Shari'a iyakar abin da za a bayar. Kotun Ƙoli ta haɗe su ta ba su amsa ɗaya.

Na uku kuwa tarihi ne, kuma a nan za mu ɗan ratse zuwa Ingila, domin akwai abin mamaki. Mutum zai zaci cewa 'yancin yin wasiyya da kome da kome wata ƙa'ida ce da Turawa suka tashi da ita tun fil azal. Ba haka ba ne. A zamanin da, dukiyar Ba'ingile wadda ba ƙasa ba kashi uku ake yi mata in ya bar mata da 'ya'ya: kashi ɗaya na matar, ɗaya na 'ya'ya, ɗaya ne kaɗai nasa da zai yi wasiyya da shi. Sulusi ke nan, ba ƙari ba ragi. Wannan al'ada ta daɗe a arewacin ƙasar har sai da majalisa ta kawar da ita a lardin Yok a 1692, a birnin Landan kuma a 1724. A Sikotilan har gobe 'ya'ya da ma'aurata suna da rabon da wasiyya ba ta iya hana su a cikin irin wannan dukiya. Ita kanta tabbatar da wasiyya aikin kotunan coci ne a Ingila har zuwa dokar 1857, wadda ta kafa kotun gwamnati ta musamman don wannan aiki. A Faransa, kundin dokokin 1804 ya ce mai ɗa ɗaya rabin dukiyarsa kaɗai zai iya bayarwa, mai biyu sulusi, mai uku ko fiye rubu'i. Abin da ya fi duka, su Ingilishin da kansu sun ga illar sakin linzami, suka yi doka a 1938 wadda ta ba kotu ikon ta ciro wa mata da 'ya'yan da aka hana abin da za su rayu da shi daga cikin dukiyar, suka kuma faɗaɗa ta a 1975. Mu kuwa, saboda ƙa'idar nan ta 1 ga Janairu, 1900, mun karɓi dokar amma gyaran bai iso mu ba. Watau a 1971 ɗan Musulmi a Zariya ya rasa kāriyar Shari'a, kuma bai sami kāriyar da ɗan Bature ke da ita a Landan tun shekara 33 kafin nan ba. Tsohuwar riga ce masu ita suka riga suka rage wa wuya, mu aka ba mu ita yadda aka ɗinka ta tun farko.

Sai mu komo kan sashe na 2. Sa Shari'a a cikin jerin al'adun gargajiya dabara ce ta mulkin mallaka, wadda ta sauƙaƙa wa Turawa tafiyar da kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, amma ba ta dace da gaskiyar abin ba. Al'ada akan tabbatar da ita da bakin dattawa, kuma tana sākewa daga gari zuwa gari. Ilmin fara'ila rubutacce ne, lissafi ne da ɗalibi a Sakkwato da ɗalibi a Fas za su yi su sami amsa ɗaya. Kotun Ƙoli da kanta ta faɗi haka a 1998 a shari'ar Alkamawa da Bello, inda Mai Shari'a Wali ya bayyana cewa Shari'a daban take da dokar gargajiya tun da ba ta wata ƙabila ba ce. Tsarin mulki ma ya ba da tasa gudummawa. Sashe na 242 na tsarin 1979, wanda ya zama sashe na 277 a tsarin 1999, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan batun waƙafi da kyauta da wasiyya da gado idan mai abin Musulmi ne. Da wannan sashe yana nan a 1971, da wuya a ce hukuncin ya fito yadda ya fito.

Jihohin Yamma sun riga mu ganin ramin. Dokar wasiyyarsu ta 1958 ta kwaikwayi ta Ingila, amma ta sa sharaɗi a farkon sashe na 3 cewa ikon yin wasiyya yana ƙarƙashin dokar gargajiya da ta shafi abin. Da wannan sharaɗi ne Kotun Ƙoli ta yanke a 1991, a shari'ar Idehen, cewa mutumin Bini ba shi da ikon ya hana babban ɗansa gidan da ya zauna ya mutu a ciki. A Arewa sai daga baya aka farga. Dokar wasiyya ta Jihar Kaduna, wadda ke cikin kundin dokokin jihar na 1991, da ta Jihar Kwara a kundin 1994, sun fid da wasiyyar mutumin da yake ƙarƙashin Shari'ar Musulunci daf da rasuwarsa daga wannan 'yanci. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilorin ta yi aiki da dokar Kwara a shari'ar Ajibaiye, inda mamacin ya rubuta ƙarara cewa ya zaɓi dokar Turawa ko da yake shi Musulmi ne. Kotun ta ce ba shi da wannan zaɓi, ta soke wasiyyar.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ƙarshen magana. Mu ba mu ɗauka ba. Da fari dai, gyaran na jiha-jiha ne. Duk jihar da ba ta yi tata doka ba, dokar 1837 tana nan, kuma hukuncin 1971 yana tare da ita. Ɗan kasuwar da ke da gida a Kano da shago a Ikko da fili a Abuja yana iya barin dukiya ɗaya a ƙarƙashin dokoki daban-daban, domin ƙasa da gini dokar wurin da suke ake bi a kansu. Na biyu, kuma wannan shi ne sukarmu ga masu gyaran, soke wasiyya ɗungum ba shi ne hukuncin Malikiyya ba. In mutum ya yi wasiyya da rabin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba, kuma magada suka ƙi, ana mai da ita sulusi ne a zartar. In ya naɗa wasiyyi a kan marayunsa a cikin takardar, naɗin yana nan. In ya yi iƙirarin bashi ko ajiyar wani da ke hannunsa, ana duba shi bisa ƙa'idojinsa. Kotun da za ta yaga takardar gaba ɗaya don sakin layi ɗaya ya ƙetare iyaka ta zubar da halattaccen tare da haramtaccen, kuma waɗanda sukan yi asara su ne mafi rauni: ɗan riƙo, da jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, da ɗan da ya bi wani addini, da tsohon bara. Waɗannan duka ba su gado, sulusin nan shi ne kaɗai ƙofarsu. Ƙasar Masar, a dokar wasiyyarta ta 1946, har wajabta wasiyya ta yi ga irin waɗannan jikoki. Ko mun yarda da wannan ijtihadi ko ba mu yarda ba, ya nuna cewa malamai sun ga matsalar kuma sun nemi maganinta a cikin gida.

Kuma babu wani abu a siga ta dokar 1837 da Malikiyya za ta ƙi. Ita ma tana neman shaidu biyu adilai, har ma malamanmu sun ce in an sami wasiyya da rubutun hannun mamaci amma bai kafa shaidu a kanta ba, kuma bai ce a zartar ba, to, ba a zartarwa, domin mai yiwuwa ne ya rubuta yana shawara da zuciyarsa. Rubutu da shaidu da ajiye takarda a wurin da ba za a sāke ta ba, duk abubuwa ne da za su taimaki Musulmi. A nan ba za mu ɗora laifin duka a kan kotu ba. Da yawa daga cikinmu, har da masu ilmi, muna gudun rubuta wasiyya kamar rubutun ne zai kira mutuwa, alhali kuwa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sakamakon haka sai mutum ya rasu babu wanda ya san bashin da ake binsa ko wanda yake bi, gida ya zauna shekara ashirin ba a raba ba, magada su mutu a bar magadan magada, 'yan'uwa mata kuma a riƙa ce musu su yi haƙuri.

Akwai kuma abin da dokokin gyara ba su taɓa ba sam, wanda shi ne ya fi damun talaka a yau. A lokacin da aka yi wannan shari'a, dukiyar yawancin mutanenmu gona ce da gida da dabbobi da tufafi, abubuwan da alƙali ko malamin unguwa zai gani da idonsa ya ƙiyasta ya raba. Yanzu kuwa babban abin da ma'aikaci ke bari yana cikin banki, ko asusun fansho, ko hannun jari a kamfani. Waɗannan wurare ba su sakin kuɗi sai da takarda. Dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta rataya biyan haƙƙin mamaci a kan wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya. Sunan da ma'aikaci ya rubuta a fam na wanda za a nema in wani abu ya same shi ba ya mai da wannan mutum magaji, ko da yake jama'a da yawa haka suka ɗauka, kuma an sha ɓata zumunci a kan wannan. Wasu ma'aikatu sukan karɓi umarnin kotun Shari'a mai hatimi, wasu sukan ce sai takardar Babbar Kotu. Ke nan matar da ke cikin takaba tana iya samun kanta tana bin layi biyu: ta je Babbar Kotu ta nemi izinin karɓo kuɗin, da masu tsaya mata, da sanarwa a jarida, da kason gwamnati, sa'an nan ta koma kotun Shari'a ko wurin malamai a raba. A da ana kuka da ushirar da ake cira in alƙali ya raba gado. Yanzu iyali ɗaya suna iya biya a wuri biyu kafin su taɓa ko kwabo.

Kuma a lura da wani haɗari. Takardar izinin kula da dukiya sunan mutum biyu ko uku take ɗauka, galibi babban ɗa da wani ƙanen mamacin. A dokar da ta haifi takardar, waɗannan amintattu ne kawai, kuma akwai hanyar tuhumarsu. Amma a idon iyali da ba su san wannan ba, wanda sunansa ke kan takarda mai hatimi shi ne mai kuɗin. Babbar Kotu ta ba da takarda ta juya baya, domin rabon ba huruminta ba ne. Kotun Shari'a kuma ba ta san nawa aka karɓo ba sai abin da aka gaya mata. A cikin wannan rata da ke tsakanin kotunan biyu ne rabon marayu da na mata yake ɓacewa.

Abin da muke ba da shawara, kuma muna fatan masana doka da ke cikin wannan zaure za su gyara mana in mun kauce, shi ne a komo ga rabon aikin da hukuncin 1968 ya shata, a sa shi a rubutacciyar doka. Musulmi ya rubuta wasiyyarsa da shaidu biyu, ya ajiye a rajista. In ya rasu, kotu ɗaya ta buɗe ta, ta auna ta da ma'aunin sulusi da na magada, ta zartar da abin da ya tsaya, ta rage abin da ya wuce, ba tare da ta rushe sauran ba. Takardar da wannan kotu za ta bayar ta ƙunshi sunayen magada duka da rabon kowannensu, ba sunan wakili kaɗai ba, kuma doka ta tilasta wa banki da kamfanin fansho da ofishin filaye su karɓe ta. Wakilin kuma a yanka masa wa'adin da zai komo gaban wannan kotu da lissafin abin da ya karɓa da abin da ya biya, da sa hannun kowane magaji baligi, da bayanin inda aka ajiye rabon yara har su kai munzili.